Jan Kafso Mai Narkar Da Aljihu: Magana Kan "Man Kiril" A Damargu



Maganar yau za ta ɓata wa wasu rai, kuma mun sani. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Watanni ke nan wani saƙon murya yana yawo a salulolin mutane. Mace ce ke magana, murya mai daɗi, Hausa tsaf. Tana tallar wani jan kafso da ta kira "man kiril", wai daga tekun ƙanƙara aka kawo shi. Wai yana hana jiki ƙera sabon kitse, yana narkar da tumbi cikin kwana 30, yana wanke jini, yana raba mutum da ciwon gwiwa, da tansiyo, da ciwon suga. A ƙarshe sai ta rufe da kalmar da ke kashe bakin kowa: "Masana sun yi bincike sun tabbatar." Ba a jima ba kwalaben suka fara bayyana, a jakar samari masu sa kwat da tsakar rana, a gidan suna, a fada, a ranar kasuwa.

Da a ce abin ya tsaya ga masu kuɗin ɓatarwa, da mun yi shiru. Gwaggon ɗaya daga cikinmu ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Dattijuwa ce mai jiki, gwiwoyinta na damunta, kuma shekara uku ke nan majo ya ɗora ta a kan maganin tansiyo. Ta sayar da akuyarta ta karɓi kwalba biyu, kowace jika goma sha biyar. Mai tallar ya ce mata ba a haɗa shi da maganin asibiti, sai ta ajiye nata a ƙasan kwalla. Bayan mako biyar aka kwashe ta a amalanke zuwa likita, kai na sara, ido na ganin duhu. Allah ya kiyaye, ba ta shanye ba. Da ta dawo hayyacinta ɗan ɗan'uwanta ya tambaye ta:

"Gwaggo, me ya kai ki?"

Ta ce, "Ɗana, ai cewa aka yi likitocin Turai ne suka gano shi. Ni da ban yi lakwal ba, zan ja da su?"

Wannan amsa ita ce ta tsaya mana a rai. An mai da kalmar "bincike" bulala, ana dukan wanda bai yi karatu ba da ita har ya saki akuyarsa. Shi ya sa muka ce bari mu kwance binciken nan a bainar jama'a, da Hausa, kowa ya ga abin da ke ciki.

Da farko, mene ne kiril? Wata ƴar halitta ce ta cikin teku, dangin jatan lande, mai kama da ɗan fara. Babbarta ba ta wuce santimita 6 ba, wato tsawon ƙaramin yatsa, nauyinta kuma bai fi giram 2 ba. Tana rayuwa a tekun Antatika, can ƙarshen kudancin duniya inda ƙanƙara ba ta ƙarewa. Ita ce abincin tsuntsun fengwin da kuma wel, dabbar da ta fi kowace girma a doron duniya. Manyan jiragen ruwa na Norwe, Sin, Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe suke kamo ta, a tatse mai, sauran a yi abincin kifin kiwo. Tun 1982 akwai hukumar ƙasashen duniya da ke ƙayyade yawan abin da za a kama. A watan Agusta na 2025 an rufe kamun kafin lokacinsa, karo na farko a tarihi, don jiragen sun cika tan 620,000 da aka yarje musu. Ku lura da wannan: kasuwa ce ta biliyoyi, kuma mai irin wannan kaya dole ya nemo masu saye ko'ina suke, har a Damargu.

A cikin man akwai wani irin kitse da ake kira omega-3, musamman nau'i biyu, EPA da DHA. Jiki na buƙatarsu, ƙwaƙwalwa da ido na amfani da su, wannan ba ƙarya ba ne. Irinsu ne dai ke cikin man kifi. Jan launin kuma daga wani sinadari ne na jikin halittar. Har nan babu rigima tsakaninmu da masu talla.

Rigimar ta fara daga maganar "hana jiki ƙera kitse". Daga ina ta fito?

Kitsen jikin mutum ba a zube yake kamar man shanu a ƙwarya ba. A cikin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta yake, waɗanda ido ba ya gani. Ku ɗauke su kamar ƴan rumbuna. Abin da ka ci ya wuce buƙatar ranar, jiki ya mai da shi kitse ya zuba a rumbu. Ranar da ba ka samu ba, ko ka yini kana huɗa, ya buɗe rumbu ya ɗebo. Duk ɗan Damargu ya san amfanin rumbu.

A 1974 wani masani a Amurka mai suna Howard Green, shi da abokin aikinsa, suka ware wasu ƙwayoyin halitta daga ɗan tayin ɓera, waɗanda in aka raine su a faranti sai su rikiɗe su zama rumbunan kitse. Sunansu 3T3-L1, kuma har gobe da su ake aiki a ɗakunan gwaji na duniya. Mai bincike zai zuba su a ɗan farantin roba, ya ɗiga musu abin da yake son gwadawa, ya jira kamar mako ɗaya zuwa biyu, ya shafa musu jan rini, ya duba ko kitsen da suka tara ya ragu. An yi haka da man kiril, an ga ragi. An yi haka da ganyen shayi, da kurkur, da barkono, da ɗaruruwan itatuwa, nan ma an ga ragi. Da a ce abin da ya faru a faranti shi ke faruwa a cikin mutum, da babu mai tumbi ko ɗaya a fadar shayi.

Bayan faranti sai ɓera. Ana ɗura wa ɓeraye abinci mai maiƙo, a cakuɗa wa wasu man kiril a ciki kullum, a gwada su da waɗanda ba a ba. Wasu gwaje-gwajen sun nuna hantar waɗanda aka ba ba ta tara kitse sosai ba. Madalla. Amma ɓeran gwaji nauyinsa kamar giram 30 ne, kuma abin da ake ba shi, in aka auna da girman jikinsa, ya ninka kafso ɗaya a rana nesa ba kusa ba. Masu binciken da kansu sukan rubuta a ƙarshen takardunsu cewa sai an gwada a jikin mutane. Wannan layin ne mai saƙon murya take tsallakewa.

To an gwada a jikin mutane? An gwada. Wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Acasti ya kashe kuɗi mai yawa ya haɗa magani daga man kiril don masu yawan maiƙo a jini. Ya yi manyan gwaje-gwaje biyu, sakamakonsu ya fito a 2020, kuma kowanne a kan kansa bai kai mizanin da aka sa masa ba. Da aka haɗa alƙaluman biyun wuri ɗaya an ga ɗan sauƙi a maiƙon jini. Maiƙon jini fa muka ce, wanda sai an ɗebi jini an auna ake ganinsa. Tumbi wani abu ne daban. Batun gwiwa kuma, a 2024 mujallar likitoci ta JAMA ta buga gwajin da aka yi a Ostiraliya a kan mutum 262 masu ciwon gwiwa. Rabi suka sha giram 2 na man kiril kullum har mako 24, rabi suka sha kafson da ba shi da man kiril. Da aka zo ƙarshe ba a ga bambanci a ciwon ba. Giram 2 kullum kafso huɗu ke nan irin na Gwaggo, kusan wata shida.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. A 2008 wata masaniya mai suna Kirsty Spalding da abokan aikinta a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka buga bincike a mujallar Nature. Sun gano cewa yawan rumbunan kitse na jikin mutum tun yana yaro zuwa samartaka yake daidaituwa. In ya girma adadin kusan ba ya canzawa: duk shekara kamar kashi 10 cikin 100 suna mutuwa, a maye gurbinsu da sababbi. Har mutanen da aka yi wa tiyata suka rame ƙwarai, rumbunansu ba su ragu ba, motsewa suka yi. Ma'ana, babban mutum in ya yi ƙiba yawanci rumbunan da yake da su ne suka cika suka kumbura, in ya rame su ne suka saki kaya. To mai shekara 50 da aka sayar wa kafson "hana gina sabon rumbu", me aka sayar masa? Nasa rumbunan tun yana saurayi aka gama gina su.

Kuma wa ya ce rashin rumbu alheri ne? Akwai wata cuta da ake haihuwar mutum da ita ba shi da rumbunan kitse isassu. Irin waɗannan mutane kitsen ba ya samun wurin zama sai ya tare a hanta da tsoka, su kamu da ciwon suga mai tsanani. Manomin da ya rushe rumbunsa bai rage hatsi ba, a tsakar gida zai zube, gara ta ci.

Yanzu ku zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Kwalbar Gwaggo kafso 60 ne a ciki, kowane rabin giram. Duka man giram 30 ke nan, daidai nauyin ɓera ɗaya. Giram 30 a jika goma sha biyar, kilo ɗaya ya kama sefa 500,000. Rabin miliyan, jama'a! Wane mai ne wannan? Ku je wurin mai awo ku tambayi tiya nawa ta hatsi jika goma sha biyar za ta saya yau, ku tambayi mahauci, ku tambayi mai wake. Omega-3 ɗin da ake ta kururutawa kuwa, gwangwanin sardin ɗaya na kanti, wanda yara ke ci da burodi, ya ƙunshi abin da ya kai na kafso takwas. Ga shi da nama, ga ƙashi mai laushi da ke ƙara wa jiki ƙarfi. Kuma kada a manta, man kiril shi ma mai ne. Kowane giram na kitse, na teku ne ko na tudu, kalori 9 ne.

Ƙari a kan haka, irin wannan mai ba ya jure zafi. A jikin kwalaben an rubuta a ajiye wuri mai sanyi, nesa da rana. Kwalbar da ta kwana a bayan kamiyo, ta yini a kan tire a rana ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tanut ke haura digiri 40, me ya rage a cikinta? Mai in ya lalace ƙarni yake yi, amma na cikin kafso ba ka jin warinsa sai ka yi gyatsa. Wannan ma in har man kiril ɗin ne da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Ana maganar magani ne mai rajista ma, balle kafson da ya shigo a jakar hannu. Ku ba wanda ya iya Ingilishi ya karanta muku ƙananan rubutun da ke bayan kwalaben da aka yi don kasuwar Amurka. An rubuta ƙarara cewa ba a yi wannan kaya don gano cuta, ko warkar da ita, ko hana ta ba. Kwalbar da bakinta ta ce ita ba magani ba ce, mai talla ya ce ƙarya take. Sannan fatar kafson yawanci da jelatin ake yin ta, daga sa, ko kifi, ko alade. Mai sayarwa ya taɓa gaya muku wanne ne nasa?

Akwai waɗanda ma zai iya cutarwa kai tsaye: mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, da wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande da danginsa. Mai ciki da mai shayarwa kuwa kada su sha komai sai da izinin likita.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba mu takaici. A kan tiren da ake sayar da kafson ramewa, a nan ake sayar da maganin ƙiba. Hannu ɗaya yana miƙa wa alhaji na narkar da tumbi, ɗayan yana miƙa wa amarya "sha ka fashe". Kun san abin da ke cikin yawancin waɗannan ƙwayoyi? Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci. Ɗayan kuma shi ne deksametazon, wanda ake ce wa deksa. Ku koma kan farantin ɗakin gwaji da muka ambata ɗazu. Kafin ƙwayoyin ɓeran nan su rikiɗe su zama rumbunan kitse sai an zuba musu haɗin abu uku, kuma ɗaya daga cikin ukun deksa ne. Wato abin da masana ke amfani da shi su tilasta wa ƙwayar halitta ta tara kitse a faranti, shi ƴaƴanmu mata ke haɗiya da fura kafin biki. A nan kam aikin ba ya tsaya a faranti ba, a jikin mutum ma yana yi, kuma mummunan yi. Fuska ta kumbura ta zama kamar faifai, kitse ya taru a ƙeya da ciki, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsage. Suga ya hau, tansiyo ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Deksa magani ne na gaske mai ceton rai a hannun likita, amma ba abincin ado ba ne. Kuma duk wadda ta daɗe tana sha, don Allah kada ta yanke shi rana ɗaya, yin haka na da haɗari. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Kun ga inda muka samu kanmu? Kafson da ba ya aikin da aka ce yana yi muna saye da tsada, ƙwayar da ke aiki har ta yi kisa muna saye da araha. Mai tiren bai damu ko ki yi ƙiba ko ki rame ba. Abin da yake so ki ji jikin da Allah ya ba ki bai yi ba.

Duk wannan kuma a ina? A Damargu, ƙasar da a da ayarin Abzinawa ke zuwa su loda hatsi su kai Ayar, ƙasar da ta ga 1984, ta ga 2005 bayan fara da fari sun cinye amfanin gona. Wanda ya ga layin mata da goyo a ƙofar cibiyoyin tamowa a shekarar nan ba zai manta ba. Har yau ƙididdigar ƙasa na nuna fiye da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, kuma jihar Damagaram na cikin inda abin ya fi tsanani. Me ake ba yaron da tamowa ta kama? Ƙullin gyaɗa da madara da mai da suga, giram 92, kalori 500, wanda ake sarrafawa a Yamai. Kitse ake ba shi, don rumbunansa sun zama wayam. Yaron da ke da ɗan kitse a jiki shi ke tsallake zawo da masassarar damina. A gida ɗaya za ka tarar maigida na haɗiyar kafson jika goma sha biyar don ya rage tumbi, ɗan yaye na shan farau-farau ba ko ɗigon nono. Wannan ba talauci ba ne kaɗai, har da rashin tsara gaba da baya.

Wani abin lura: iyaye mata sun san jan kafso tun da daɗewa. Shi ne bitamin A da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki lokacin rigakafi, shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Wancan kyauta ne, kuma amfaninsa tabbatacce ne. Kada kamar launi ta ruɗe ku har a matsa wa jariri man kiril.

Mun san abin da za a ce mana. Wani zai ce, "Ni na sha na ji sauƙi." Ba mu ƙaryata ka ba, malam. Amma wanda ya kashe jika goma sha biyar yakan rage tuwon dare, yakan fara lura da abin da yake ci, kuma zuciya tana son ta ga ribar kuɗinta. Shi ya sa a gwaji na gaskiya ake ba wasu kafson banza ba tare da sun sani ba, kuma su ma da yawansu sukan ce sun ji sauƙi. Hau sikeli kafin ka fara, ka hau bayan wata biyu ba tare da ka canza cin abincinka ba, sannan ka zo mu yi magana. Gani ya kori ji.

Wani zai ce muna toshe wa matasa hanyar abinci. Ƙannenmu, mun san halin da ake ciki, mun san zaman banza ba daɗi. Amma da yawanku ma cutarku aka yi: an sa kun biya kuɗin rajista, an loda muku kaya, an ce sai kun kawo mutum biyar kafin ku ga riba. Wa za ku kawo in ba iyayenku da ƙannen iyayenku ba? Na sama ya kwashe, ku a bar ku da kunyar dangi. Sana'ar da sai ka ce wa tsohuwa ta ajiye maganin tansiyonta kafin ka ci riba, wallahi ba sana'a ba ce.

Wani kuma zai ce to ƙiba ba ciwo ba ce? Ciwo ce, kuma ta shigo mana. Ma'aikacin ofis, ɗan kasuwar da ke yini a shago, direba, matar da ba ta daka ba ta zuwa rijiya, duk muna ganin tumbi na fitowa, suga da tansiyo na biyo baya. Amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ku ƙirga cokalin suga nawa ke shiga butar shayi daga na fari zuwa na uku, sau nawa a rana. Ku ƙara da lemun kwalba, da shinkafa da makaroni tsamo-tsamo cikin mai, da hawan babur zuwa masallacin da ke bayan gida. Abin da ya cika rumbu ke nan, kuma ta ƙofar da ya shiga ta nan zai fita. A rage suga, a rage mai, a koma wa tuwon hatsi da miyar kuka, da wake, da zogale, da kifi in ya samu. A yi tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum bayan asuba ko bayan la'asar. Wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa tansiyo da suga ko da yana jin garau. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar a sayar da akuya.

Saboda haka ga kiranmu.

Ga hukumomin lafiya na Tanut da Balbeji, da magadan gari, da jami'an tsaro: magani a kan tire haramtacce ne a dokar ƙasar nan, kowa ya sani. A shiga kasuwanni a ɗebi samfurin kwalaben nan a aika ɗakin gwajin magunguna na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, a faɗa wa jama'a abin da aka samu. A fara da deksa, don ita ce ke kwantar da ƴaƴanmu.

Ga gidajen rediyonmu na karkara: kuɗin talla na da daɗi, amma muryarku amana ce. Tsohuwar da ke ƙauye in ta ji abu a rediyo ta ɗauka gwamnati ce ta faɗa. Duk mai tallar da ya ce kayansa na maganin cuta biyar, ku nemi takardar izininsa kafin ku kunna masa makirufo, ku kuma gayyato majo ya zauna kusa da shi.

Ga malamanmu da sarakunanmu: ku sa baki. Cin dukiyar mutane da yaudara kun fi mu sanin hukuncinsa.

Ga mazaje da iyayen miji: ku daina gorin rama. Yarinyar da ke haɗiyar deksa ba don kanta take yi ba, maganar da aka yaɓa mata ce take gudu. Ga iyaye mata da gwaggwanni masu gyaran amarya: ƴarku ta shiga ɗakinta da lafiyarta ya fi ta shiga da kumburarriyar fuska.

Ga ƴan uwanmu na tafiya masu turo kuɗi gida: in Inna ta ce a turo na magani, ku tambaya wane magani, wa ya rubuta. Ku sa a ɗauki hoton kwalbar a turo muku.

Ga duk wanda saƙon muryar nan ya shigo wa: kafin ka tura gaba, yi tambaya uku. An gwada shi a faranti ne, a ɓera, ko a mutum? Mutum nawa? Wa zai ci riba in na saya? In mai talla ya kasa amsawa, to ka riƙe kuɗinka.

Gwaggo ta koma kan maganinta, tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Kwalba ɗaya da rabi na nan a kan taga, ta ce a bar mata ta riƙa gani. Akuyar kuwa an ce ta haifi biyu a gidan wanda ya saya.

Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa mu saurara. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu na ƙauye. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu na gaskiya. Amin.